Filin Wasiƙunku: Da Azumi Nakan Haƙura, Yanzu Ko Awa Ɗaya Na Kasa

Wasiƙu uku suka zo mini a kan abu ɗaya, sigarin lantarki, wanda samari ke kira shishar aljihu. Kuma ba ko ɗaya daga birni: ɗaya daga ƙasar Gumel, ɗaya daga wajen Kura, ɗaya daga kwarin Haɗeja. Sanda nake aiki a ɗakin shan magani na karkara, in an ce taba, to ko dai sigari ce ko taba gari da tsofaffi ke dannawa a ƙasan leɓe. Yau ga wadda ake kai wa caji. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɗan acaɓa ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, shekarata 24. A Abuja na koyo shan wannan abu da na je ci-rani. Ban taɓa shan sigari ba, ko warinta ba na so. Wanda muke kwana ɗaki ɗaya ne ya miƙo mini, na ji ƙamshin kankana da sanyi a maƙogwaro, shi ke nan na shiga. Abin da ya ɗaure mini kai, da azumi tun sahur har magariba nakan haƙura ba tare da wata wahala mai yawa ba, amma yanzu ko awa ɗaya na kasa. An sa aurena bayan kaka, kuma yarinyar ba ta sani ba. Wani abokina ya ce wai jifana aka yi. Mene ne gaskiya?

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Addu'a kada ka bari, amma zancen jifa ajiye shi gefe. Ba wanda ya binne maka laya, abin da ke aljihunka ya isa shi kaɗai. Maganar azumin nan da ka kawo kuwa, riƙe ta da kyau, da ita za mu yi aiki.

Mu fara da jiki. In ka fasa abin za ka tarar da batir, da 'yar waya a nannaɗe wadda take yin zafi, da auduga da ta jiƙe da wani ruwa mai danƙo. A ruwan akwai kayan ƙamshi, akwai kuma nikotin, sinadarin ganyen taba da ke hana mashayi bari. Da ka zuƙa, kafin daƙiƙa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ka ji ɗan sauƙi. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, jiki ya fara cigiya. Duba kwalin: in an rubuta 5%, ana nufin kusan miligiram 50 a kowace mililita ta ruwan. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba. Sannan ana gauraya shi da wani sinadari mai tsami don kada ya yi kaushi a maƙogwaro, salon da kamfanin Juul ya yi suna da shi a Amurka tun 2015. Mai sigari in ya cika zuƙa, tari ne ke tsayar da shi. Kai kuwa sanyin kankana kake ji, ba mai ce maka ya isa.

To amma da jiki ne kaɗai, da azumi ya fi kowane lokaci ba ka wuya. Wanda ya yi zuƙar ƙarshe da sahur, kafin la'asar ɗan kaɗan ne ya rage a jininsa, ga ƙishi, ga rana. Duk da haka kakan kai magariba. Ka ɗaura niyya, ƙofa ta rufu, babu ciniki tsakaninka da zuciyarka, babu "bari in ɗan ja sau ɗaya". Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: azumi ya birkita maka tsarin yini. Ba shayin safe, ba abincin rana balle zuƙar bayan an ƙoshi, abokan zamanka duk baki a rufe, ba mai hura maka ƙamshi a fuska. Duk abin da ke kiran hannunka zuwa aljihu ya yi shiru. Kuma na san abin da ke faruwa da an sha ruwa. Dabino, kunu, sai hannu ya tafi da kansa, wataƙila tun ba a ta da asham ba.

Ka taɓa lura da akuyar da aka saba ba ta dusa da yamma? Ko ta cika ciki da harawa, da ta ji an taɓa kwanon nan sai ta miƙe tana kuka. Ƙarar kwano ce ta tashe ta. Haka ƙwaƙwalwa take yi: duk inda ka zuƙa, duk halin da kake ciki sanda ka zuƙa, tana ɗaure su da daɗin da ta ji. In an yi ta maimaitawa, ganin wurin kawai ya isa ya ta da sha'awa.

Ta nan wannan abu ya fi sigari iya kama mutum. Karan sigari yana da farko yana da ƙarshe, zuƙa goma sha wani abu ya ƙone, a yar da guntu. Yana neman ashana, yana barin wari a riga, kuma a ƙauye ba ka isa ka kunna shi a gaban manya ba, sai ka zaga bayan kango ko ka bari sai a gona. Shi ya sa mai sigari zai iya ƙirga maka lokutansa da yatsu. Naka fa? A jikin kwali sukan rubuta zuƙa 5,000 ko 10,000. Ba toka, ba ashana, yana ɓuya a tafin hannu, in ma an ji ƙamshi a ce alawa ce. Saboda haka duk wani ɗan giɓi da ke cikin yininka ya samu ya shige.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka daina tukuna. Ka yi kwana uku kana sha yadda ka saba, amma da takarda a aljihun da abin yake. Duk sanda ka ciro shi ka rubuta lokaci, da wurin, da wanda kuke tare, da abin da ke ranka, ko da ajami ne. Tunda na san aikinku, zan iya yi maka hasashen abin da za ka gani. Mafi yawa zai faɗo a zaman jira, kana kan babur a gindin darbejiya bakin kwalta, ba fasinja. Kwatanta da ranar Alhamis kana ta jigilar mutane zuwa kasuwar Maigatari tun hantsi: sau nawa ka tuna da shi? Za ka gan shi bayan cin abinci, da teburin mai shayi, da gidan kallon ƙwallo in an zura wa ƙungiyarku. Za ka gan shi sanda fasinja ya ja da kai a kan naira ɗari, alhali kai ka san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Sai babbar ƙawarsa, waya. Tana hagu yana dama, kana kwance kana kallon bidiyo ko kuna hira da mutuniyar. Ko wurin mai caji tare kake kai su, tare kake karɓowa.

Layin da na fi so ka duba a takardar shi ne zuƙar farko ta safe. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Karl Fagerström, ya tsara tambayoyin auna yadda taba ta kama mutum tun 1978, kuma wadda likitoci suka fi dogara da ita a ciki ita ce, minti nawa bayan farkawa kake sha? In kafin minti 30 ne, balle a ce tun ba ka yi alwala ba kake laluben ƙarƙashin matashi, to jiki ya kamu sosai, kuma zan so ka je babban asibiti ka ga likita. Akwai cingam da filastar da ake liƙawa a fata masu nikotin a ƙayyade, ana rage su sannu a hankali, likita zai gaya maka wanda ya dace da kai. In kuwa sai ka fito tasha ne yake faɗo maka a rai, to sabo ya fi yawa a lamarinka, aikin ya fi sauƙi.

Fara da nisanta shi. Kada ya ƙara kwana kusa da katifarka, in za ka fita da safe ka bar shi a gida zuwa azahar. Sha'awar takan taso ta yi ƙarfi, ta kuma sauka cikin 'yan mintoci ko ka sha ko ba ka sha ba. Yawancin mashaya ba su san haka ba, don ba su taɓa jira sun gani ba. A mintocin nan baki da hannu suna son aiki: asuwaki, aya, gyaɗa mai ɓawo da sai ka ɓare, ko ka sauka ka goge babur. In ka gama cin abinci kada ka zauna a inda ka ci, tashi ka wanke baki. Goro da dare kam ban ba ka shawara ba, zai kore maka barci, mai rashin barci kuwa hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Majalisa ce mai wuyar. Mu ba mu iya mayar da hannun kyauta baya ba, abin nan kuma zagayawa yake yi daga wannan zuwa wancan. Shirya amsarka tun daga gida, gajeriya: "Na gode, na ajiye." Kada ka tsaya yi musu wa'azi, za su mayar da kai abin tsokana. Sati biyu na farko ka sayi shayinka ka tafi da shi gida. A cikin 'yan majalisar ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali ka gaya masa gaskiya, don in an miƙo maka ya ce a ƙyale ka.

Ranar ajiyewa gaba ɗaya kai za ka sa ta, kada ta wuce sati biyu daga yau, kuma a rabu da abin, ba a adana shi saboda ko-ta-kwana ba. Tunda ka ga niyya tana yi maka aiki, sa ranar ta dace da azumin Litinin. Kwana uku na farko su ne masu zafi: saurin fushi, ciwon kai, juye-juye a shimfiɗa, yawan ci. Daga sati biyu zuwa huɗu abin yakan lafa.

Ita kuma yarinyar, a ganina ka faɗa mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ta ji daga bakinka kana cewa kana ƙoƙarin bari, da ta tsinto shi a ƙarƙashin filo sati ɗaya da tarewa. Kuɗin da yake ci maka kuwa ba sai na lissafa ba, kai ne mai haɗa lefe.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Kura. Na ɗauki jakar makarantar yarona ɗan shekara 15 zan wanke, na tarar da wani abu kamar ƙaton biro mai ƙamshin mangwaro. Ƙanwarsa ce ta gaya mini abin da ake yi da shi. Da na sa aka tambaye shi ya ce tururin ruwa ne kawai, ba taba a ciki, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Ɗan farina ne, ba na iya zaunar da shi. Mahaifinsa yana Kudu wajen nema, in ya ji duka ne. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, Allah ya shirya mana zuri'a. Ganyen taba kam babu a ciki, nan ya faɗi gaskiya. Amma ba tururin ruwa ba ne, kuma galibinsu da nikotin. Har waɗanda aka rubuta babu a jikinsu, an sha gwadawa a ƙasashen waje a tarar da shi. Na fi damuwa da ɗan 15 a kan ɗan acaɓan da ke sama, domin ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wadda ta saba da nikotin tun tana ɗanya ta fi saurin kamuwa.

Da ya ce ba nasa ba ne shi kaɗai, na yarda da shi. Yara irinsa karo-karo suke yi da kuɗin tara ko na ƙwadago a gonar tumatir, su sayi ɗaya, yau ya kwana a jakar wannan gobe a ta wancan. Mai yiwuwa jikinsa bai fara nema ba tukuna. So yake a ce da shi ake yi, ya iya fitar da hayaki zobe-zobe yadda suke gani a waya, kada a kira shi baƙauye. In kin ƙwace wannan kin jefa masai, bashin abokai kawai kika jawo masa, jibi wani zai zo. Abin bincike shi ne yaushe, a ina, da su wa. Yawanci lokaci biyu ne: hanyar dawowa daga makaranta, da tsakanin isha'i da kwanciya, sanda ake cewa an tafi dandali ko kallo.

Kunyar ɗan fari ba laifi ba ce, amma kada ta sa a yi shiru. Yana da kawu ko baffa da yake sakin jiki da shi? Shi za ki sa, kuma ba a tsakar gida gaban ƙanne ba, su yi ta a hanyar gona su biyu. A cike masa lokutan nan da abin da zai ji shi ma wani ne: a ba shi tunkiyarsa ta kansa, ko a kai shi wajen mai gyaran waya ko injin ban-ruwa ya koyi aiki. Mahaifinsa yana da haƙƙin ya sani, sai dai a bari kawun ya fara magana, sannan a gaya masa tare da abin da aka riga aka yi. Duka yakan koya wa yaro ɓoyo, wannan abu kuwa ba shi da wuyar ɓoyewa. Mai shagon da ke sayar musu ma a yi masa magana ta hannun mai unguwa ko liman. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana a sayar da taba ga wanda bai kai 18 ba, kuma ko ba doka, ai ɗa na kowa ne.

Na gaggawa shi ne a tambaye shi ko ana ɗura wa abin wani ruwa in ya ƙare. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 da ciwon huhu, 68 suka rasu, aka gano yawanci daga ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani mai. In kin ga yana haki, ko ciwon ƙirji, ko tari da zazzaɓi, a wuce asibiti kai tsaye, a kuma gaya wa likita abin da yake sha. Ki kau da abin daga inda ƙananan yara za su kai hannu, ruwan guba ne in yaro ya haɗiya.

TAMBAYA: Malam, ni manomin rani ne a wajen Auyo, shekarata 58, na fi shekara 30 ina shan sigari. Ɗana ya kawo mini wannan na lantarki daga Kano don in bari. Yanzu a fadama ina shan sigari, a gida ina jan wannan tunda iyali ba sa jin wari. Na rage ko?

AMSA: Ɗan'uwa, ba ka rage ba, ƙari ka yi. A da daga magariba zuwa safiya kunyar iyali tana tsare ka, huhunka yana hutawa. Yanzu ka buɗe wa nikotin ƙofar ɗaki, ta fadama kuma tana nan daram.

Niyyar ɗanka mai kyau ce. Wanda ya ƙirƙiro abin a sigarsa ta yau a 2003, Hon Lik, mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, shi kansa mashayi ne mai neman bari, ciwon dajin huhu ne kuma ya yi ajalin mahaifinsa. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa ga wanda ya riga ya kamu da sigari, komawa wannan ya fi sauƙin illa, domin yawancin gubar sigari daga ƙonewar ganye take. Amma komawa gaba ɗaya suka ce. Gwamnatinsu ma ta hana sayar da na sha-ka-yar tun Yunin 2025, Indiya kuwa ta haramta shi ɗungurungum a 2019. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna kara ɗaya a rana yana jawo kusan rabin haɗarin ciwon zuciyar da kara 20 ke jawowa, saboda haka rage kara ba ya fitar da mutum.

Naka lokutan sanannu ne: in ka ta da inji ka zauna kana jiran ruwa ya cika fangali, da sanyin asuba lokacin alkama, da gadin jan-baki in shinkafa ta fitar da kai. Daina tafiya fadama da kwali da ashana. In dole sai ka ja wani abu a makonnin farko, tafi da na lantarkin can, ka fitar da shi daga gida. In sigari ta fita, shi ma sai a sa masa ranarsa.

Kafin nan ka je a duba maka hawan jini, in kuma kana da tarin da ya wuce sati biyu a gwada majinarka, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ran da na lantarkin ya mutu kada a jefa shi a murhu ko bolar da ake ƙonawa, batirinsa yana fashewa.